Motar Tsere ta Hannu da Ginin da Ya Tsaya a Linta

Assalamu alaikum Kawu. Ni haifaffen Nima ne a Accra, shekaruna 34, ina sayar da wayoyin hannu a Circle, kuma Allah ya sa wa kasuwar albarka har ina zuwa Dubai sarin kaya da kaina. Tun ina yaro nake zama wurin wani fita, wato makaniki, a unguwarmu ina miƙa masa sifana, kuma tun lokacin son mota ya shiga raina. Wani abokina da ke zaune a Bronx ya samo mini Porsche Cayman GT4 ƙirar 2016 a gwanjon motocin da suka yi hatsari a Amurka. An buge ta ta gaba, kamfanin inshora ya biya mai ita ya karɓe ta, amma abokina ya ce injin lafiya lau yake. Kuɗin saye da jigila da kwastan zai cinye kusan duk abin da na tara, wanda da ma na ware shi ne don rufin gidan da nake ginawa a Amasaman, ginin ya kai linta. Na gaya wa Mma da Yayana cewa wannan jari ne, domin irin wannan mota ba ta faɗuwa, kuma da dala ake kimanta ta, ba da sidi ba. Mma ta yi kuka, Yaya ya ce almubazzaranci ne, maiɗakina kuwa ba ta ce uffan ba, ga shi muna zaune a gidan haya da yara biyu. Kawu, ina tsoron idan na bar ta ta wuce ba zan sake samun irinta a wannan farashi ba. Mene ne shawararka?

Wani ɗanka daga Nima

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ƙara wa kasuwarka albarka, ya kuma saka maka da alheri da ka tsaya neman shawara tun kafin ka tura kuɗi.

Ba zan fara da raina abin da kake so ba, domin na san da yawa daga cikin masu ce maka ƙarfe ne kawai ba su taɓa zama a cikin motar da aka ƙera da niyya guda ɗaya ba. Son abin hawa mai kyau ba aibi ba ne a wurinmu. A Suratun Nahli, aya ta 8, Allah ya ambaci dawaki da alfadarai da jakuna cewa ya halicce su don mu hau su, kuma don ado. Kakanninmu da suka biyo hanyar fataucin goro har suka kafa zanguna a wannan ƙasa sun san darajar doki, kuma sun san bambancin dokin sukuwa da na ɗaukar kaya. Abin da kake ji game da wannan mota daga wannan jijiya ya fito, kuma ina girmama shi.

Ka kuma zaɓi mota ta gaske. Kamfanin Porsche ya fito da Cayman GT4 a 2015, ya ɗauko inji mai lita 3.8 da silinda shida daga 911 Carrera S, ya dasa shi a tsakiyar motar, a bayan kujerun nan biyu, inda nauyinsa zai zauna daidai tsakanin tayoyin gaba da na baya. Ƙarfinsa doki 385, ba tare da tabo (turbo, na'urar da ke hura wa inji iska) ba, wato injin da kansa yake shaƙar iskarsa, shi ya sa da ka taɓa totur yake amsawa nan take, sautinsa kuma yana ƙara kaifi yayin da yake hawa. Birkinta da yawancin ƙafafunta na gaba daga 911 GT3 aka aro su. Nauyinta kilo 1,340, tana kai gudun kilomita 100 cikin daƙiƙa 4.4, iyakar gudunta kilomita 295 a awa, kuma ta zagaye tsohon filin tseren Nürburgring na Jamus, mai tsawon kusan kilomita 21, cikin minti 7 da daƙiƙa 40. Giyarta ta hannu ce mai hawa shida, kuma a wannan ƙira ba a yi ko ɗaya mai canza giya da kanta ba. Hatta mariƙin buɗe ƙofa na ciki ɗan ƙyalle ne aka sa maimakon ƙarfe.

Amma waɗannan alƙaluma ba su ne ke kama zuciyar mai son mota ba, kai ma ka sani. Abin da ke kama ta shi ne gaskiyar da motar ke faɗa wa direba. Motocin da muke hawa kullum an yi su ne don su ɓoye mana hanya, su shanye rami, su rage ƙara, su yafe mana kuskure. Wannan kuwa tana sanar da hannunka ta sitiyari irin riƙon da tayar gaba ta yi wa kwalta, tana sanar da bayanka ta kujera lokacin da tayar baya ta fara neman zamewa, idan ka canza giya da kyau ta saka maka, idan ka yi ganganci ta nuna maka a take. Mutumin da ya tashi yana miƙa wa fita sifana yana kallon yadda ƙarfe ke haɗuwa da ƙarfe zai fi kowa jin wannan, saboda haka ban yi mamakin yadda ta shiga ranka ba.

Maganar da ka yi cewa irinta ba ta faɗuwa ita ma tana da tushe. Farashinta sabuwa a Amurka ya fara daga dala 84,600, kuma saboda ba a ƙera da yawa ba, a farkon fitowarta akwai waɗanda suka sayar da tasu ta hannu sama da abin da suka biya. A 2016 kamfanin ya mayar da sauran motocin Cayman kan inji mai silinda huɗu da na'urar tabo, abin da ya sa masu son tsohon sauti suka ƙara riƙe mai silinda shida. Giyar hannu tana ƙaranci a duniya, inji marar na'urar tabo yana ƙaranci, dokokin hayaƙi a Turai suna ƙara tsanani, kuma duk abin da ake so alhali an daina yin sa, farashinsa yakan tsaya. Motar alfarma mai ƙofa huɗu da aka saya tare da ita a shekara guda ta zubar da mafi yawan kuɗinta, ita kuwa ta riƙe kaso mai tsoka. Duk da haka farashin nata ma yana hawa yana sauka: ya yi sanyi da aka fito da magajiyarta mai lita 4.0 a 2019, ya tashi a shekarun da annobar korona ta kawo ƙarancin sababbin motoci, sannan ya sake lafawa.

Yanzu ka natsu ka karanta abin da ya fi komai muhimmanci a wannan amsa. Darajar da kake gani a shafukan sayar da motoci na Amurka da Jamus ba a jikin ƙarfen take duka ba. Wani ɓangare nata yana cikin takardu, wato littafin da ke nuna kowane canjin baƙin mai da garejin da ya yi shi, da shaidar cewa motar ba ta taɓa hatsari ba. Wani ɓangare yana cikin masu saye, dubban mutane da ke da ƙungiyoyi da ranakun fita, waɗanda suka san motar kuma suke jiran ta. Wani ɓangare yana cikin filayen tsere da ke kusa da gidajensu, da makanikan da suka ƙware a kanta, da kayan gyaran da ke isowa washegari. Kwantena za ta ɗauko maka ƙarfen har tashar jiragen ruwa ta Tema, amma ba za ta ɗauko ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Motar da kake magana a kanta ma ta riga ta rasa na farkon tun tana can, domin da zarar inshora ta yanke cewa gyaran mota bai cancanci kuɗinsa ba, ana sauya mata takarda, kuma wannan tabo yana bin lambarta mai harufa da alƙaluma 17 har ƙarshen rayuwarta. Duk wanda ya shigar da lambar a Carfax, shafin da ke nuna tarihin mota, zai gani. Masu biyan kuɗi mai yawa a kan GT4 su ne mutanen da suka fi kowa bincike, kuma motar da ke ɗauke da wannan tabo ita ce ta farko da suke tsallakewa. Farashin da kake kwatantawa da shi na motoci masu tsabtar tarihi ne, taka kuwa ba ta cikin sahunsu.

Bugun gaba da ka ambata ya ƙara tayar mini da hankali. Gaban wannan mota cike yake da alminiyum, lagiretocinta suna can ƙasa a cikin bamba, kuma masu irinta sun sha ba da labarin yadda mazaunin shokozoba na gaba, wanda zubin alminiyum ne, yake tsagewa idan taya ta daki rami ko gefen titi da ƙarfi. Gyaran wannan wuri ba aikin mai walda na bakin hanya ba ne, ana bukatar teburin daidaita shasi da ma'auni na kamfani, kuma motar da za ta shiga kwana da gudu mai yawa ba ta yafe karkatar milimita kaɗan. Abokinka ya ce injin lafiya lau, to da me ya sani? A irin waɗannan wuraren gwanjo, kamar Copart da IAA, mafi yawan abin da mai saye yake samu hotuna ne da rubutun cewa mota ta tashi. Tashin inji a fili ba ya nuna abin da ya same shi a hannun mai shi na baya. Motocin Porsche suna da kwamfuta da ke ajiye lissafin duk lokacin da inji ya zarce iyakar juyawarsa, a matakai shida, tare da awar da abin ya faru. A mota mai giyar hannu wannan yakan faru ne idan direba yana gudu ya nufi giya ta huɗu hannunsa ya faɗa ta biyu, injin ya yi juyin da ba a gina shi don shi ba, kuma illar tana iya ɓoyewa har sai bayan watanni. Babu mai hankalin da ke sayen irin wannan mota bai ga wannan rahoto ba. Haka nan wasu daga cikin wannan ƙira sun sami matsalar giya ta uku har aka sauya musu akwatin giya, kuma dole mai saye ya san ko an yi wa tasa. Akwai kuma abin da ko Carfax ba ya nunawa: yawancin inshorar mota a Amurka ba ta biyan ɓarnar da ta faru a filin tsere, don haka mai mota yakan gyara da aljihunsa a shiru, babu rahoton da zai shiga ko'ina. Hausawa sun ce arha ba ta ado, kuma idan dillalan Amurka da suka san wannan mota ciki da waje suka bar ta ta sauko farashin da ya burge ka, sai ka tambayi kanka abin da suka gani.

Sai kuma Tema. Jami'an kwastan ba sa lissafi da abin da ka biya a gwanjo. Suna duba lambar motar da farashinta na asali, su rage wani kaso saboda shekarunta, sannan su ɗora haraji a kan abin da ya rage tare da kuɗin jigila da inshora. Inji mai lita 3.8 yana cikin rukunin da ya fi kowane tsada, kuma a kan harajin shigowa akwai VAT da na lafiya da na asusun ilimi da na ECOWAS da sauransu. Motar 2016 tana cika shekara goma a 2026, kuma a ƙasar nan motar da ta haura shekara goma tana jawo tara ta musamman. A 2020 ma majalisa ta gyara dokar kwastan don hana shigo da motocin da suka yi hatsari da waɗanda suka haura shekara goma, sai gwamnati ta dakatar da aiwatarwa bayan koken dillalai, saboda haka wajibi ne wakilin fitar da kaya mai lasisi ya duba maka matsayin dokar a ranar da kake ciki, ya kuma buga maka lissafin harajin da lambar motar kafin ka yi tayi. Abin da nake so ka riƙe shi ne, duk abin da ka biya a Tema ya tafi ke nan. Idan wata rana ka so mayar da motar kasuwar waje inda ake darajanta ta, babu mai ƙara maka ko dala ɗaya saboda ka biya harajin Ghana.

Idan kuma a nan za ka sayar, wa zai saya? Mai kuɗin Accra da ke neman motar nuna isa yana neman Land Cruiser ne ko Range Rover ko G-Wagon, mai tsayi, mai canza giya da kanta, wadda za ta ɗauki iyali ta haye ruwa ta kai shi ƙauye jana'iza ta dawo. Mota mai kujera biyu da kuloci, wadda ke tafiya kusa da ƙasa, masu son ta a garin nan ba su da yawa, kuma ranar da ka matsu za su san ka matsu. Kai ɗan kasuwa ne, ka san kayan da ba ya juyawa ba a lissafa shi daidai da kuɗi a hannu. Batun dala kuwa, na fahimci inda tsoronka ya fito, domin duk wanda ya riƙe sidi a 2022, shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba, ya ga dukiyarsa tana narkewa. Sai dai a 2025 sidi ya farfaɗo, dala ta sauko daga wajen sidi 15 zuwa kusa da 10 cikin 'yan makonni, kuma waɗanda suka shigo da motoci a tsohon canji suka wayi gari da kayan da darajarsu ta ragu a hannunsu. Wanda ke son kariya daga faɗuwar sidi yana da hanyoyin da ba sa cin taya da fetur da inshora kowace shekara.

Zaman yau da kullum da ita ba zan daɗe a kansa ba, domin ka fi ni sanin hanyar Nima zuwa Circle. An sauke ta ƙasa da milimita 30 fiye da Cayman ta yau da kullum, leɓen gabanta ya miƙe, kuma wannan ƙira ba ta da na'urar ɗaga gaba, saboda haka kowane tudun rage gudu da kowace gadar kwata a ƙofar gida jarrabawa ce. Tayoyin da ta zo da su, irin su Michelin Pilot Sport Cup 2 masu inci 20, an yi su ne don busasshiyar kwalta mai zafi, zanensu ba shi da zurfi, ba sa son ruwa kwance, suna saurin cinyewa, kuma sai an yi odarsu daga waje. Wanda ya ga abin da ambaliyar kogin Odaw ta yi wa Circle ranar 3 ga Yuni 2015 ya san irin ruwan da damina ke kawowa wurin sana'arka. Kamfanin ya so a ba ta fetur mai lamba 98, mafi kyawun da za ka samu a gidajen manmu kuwa 95 ne, wanda za ta sha amma ba za ta ba ka dukan ƙarfinta ba. Abossey Okai da Suame Magazine cike suke da masu basira waɗanda ke tayar da motar da aka fid da rai da ita, kuma ina alfahari da su, amma basirarsu ta ginu ne a kan motocin da suke gani kullum. Injin wannan a rufe yake a tsakiyar mota, yawancin aikinsa ta ƙasa ake yi, kuma sai da na'urar bincike ta kamfanin. Ba a fafe gora ranar tafiya: wanda bai san makanikinsa da hanyar samun kayan gyaransa ba tun kafin mota ta iso, zai ajiye ta ne a ƙarƙashin tamfol yana jiran wani ɗan ƙarfe daga Jamus.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi a zuciyata shi ne tambayar inda za ka tuƙa ta. An ƙera wannan mota don fili killatacce, inda kowa ke tafiya fuska guda, babu mai tsallaka titi, akwai tsakuwa da shinge a bakin kowace kwana, akwai motar asibiti tana jira. Afirka ta Kudu tana da Kyalami kusa da Johannesburg, Senegal tana da filin Dakar Baobabs, mu kuwa ba mu da irinsu. Giyar wannan mota ta biyu kaɗai tana wuce kilomita 120 a awa, alhali iyakar da doka ta yarda a babbar hanyar Accra zuwa Tema kilomita 100 ne, a cikin gari kuma 50. Ma'ana, duk abin da ya sa ta zama abin da take, sai ka karya doka kafin ka ɗanɗana shi. Na san yadda zuciya take: za ka yi haƙuri wata ɗaya, wata biyu, sannan wata safiyar Lahadi bayan sallar asuba ka ga hanya fayau, ka ce bari ka ji muryarta sau ɗaya. Wannan hanya mai kilomita 19 da aka buɗe a 1965 a zamanin Nkrumah yanzu unguwanni sun kewaye ta, mutane suna tsallaka ta da ƙafa, manyan motoci suna mutuwa a gefenta babu alama. Idan gudu ya ninka biyu, tazarar da birki ke bukata tana ninka huɗu, kuma birkin GT3 ba ya soke wannan ƙa'ida. Fiye da mutum 2,000 ne ke mutuwa a hanyoyin Ghana kowace shekara, da yawansu masu tafiya a ƙasa. Ka tuna yadda mutanen Adenta suka fito kan titi a watan Nuwamban 2018 bayan mota ta kashe wata ɗaliba a hanyar Madina, saboda gadojin tsallakawa da aka bari ba a gama ba. Ina ƙaunar motoci masu gudu, kuma saboda wannan ƙauna ce ba na son in ga ɗayansu ta zama sanadin marayu a gidan wani, ko a gidanka.

Game da Mma da Yaya, ina ganin tun farko ka shigar da maganar ta ƙofar da ba tata ba. Ka ce musu jari ne saboda ka san idan ka ce sha'awa ce ba za su saurare ka ba, kuma ina zargin ka maimaita har kai ma ka fara yarda. Ka auna kanka da wannan: malamai sun bambanta motar da mutum ya saya don hawansa, wadda babu zakka a kanta, da wadda ya saya da niyyar sayarwa don riba, wadda take shiga hukuncin kayan kasuwanci. Idan malaminku ya tambaye ka wacce ce niyyarka, me za ka ce masa? Na tabbata ba ka yi mafarkin ranar da za ka sayar da ita ba, mafarkin ranar da za ka tuƙa ta kake yi. Yaya ya yi tsauri da ya kira abin almubazzaranci kai tsaye, domin sayen abin sha'awa daga halal ɗin mutum ba laifi ba ne ga wanda ya sauke haƙƙoƙin da ke kansa. Amma a yanayinka ya fi ka kusa da gaskiya, saboda kuɗin nan suna da mai su tun kafin motar ta bayyana. Kukan Mma kuwa na macen da ta ga 'ya'yan maƙwabta sun samu sun rasa ne, kuma tana son ta ga ɗanta a ƙarƙashin rufinsa tana da rai.

Shirun maiɗakinka ya fi damuna fiye da kukan da faɗan. Ita ce ke zaune a gidan haya da yara biyu, ita ce ke jin maganar mai gida idan wa'adi ya matso, a garin da masu gidaje ke neman kuɗin shekara biyu a dunƙule duk da cewa dokar haya ta 1963 ta tsaya a wata shida. Wataƙila ta yi shiru ne don ladabi, wataƙila don ta ga ka riga ka yanke, kuma kada ka ɗauki ko ɗaya daga cikin biyun a matsayin yarda. Ginin da ya tsaya a linta kuma ba ya jira a yadda ka bar shi. Damina tana cin bulo, rodin da ke waje yana tsatsa, siminti da kwanon rufi suna ƙara kuɗi, kuma a gefen Accra, inda ake sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko uku, gidan da babu kowa a cikinsa yana jawo idon masu ƙwace. Rufi da ƙofa da mutum a ciki suna kare fili fiye da takarda kaɗai.

Shawarata ita ce ka bar wannan motar ta wuce, ka rufa gidanka. Tsoron da kake yi cewa ba za ka sake samun irinta ba, ka ajiye shi, domin an ƙera dubbai, ana sayar da su kowane mako, kuma wadda ta dace da kai ita ce mai tsabtar takarda da cikakken tarihi, ko da ta fi tsada. Ban ce ka kashe sha'awarka ba. Kana zuwa Dubai sari, kuma a can akwai Dubai Autodrome, a Abu Dhabi akwai Yas Marina, dukansu suna ba mutum motar tsere da malamin tuƙi a gefensa na ɗan lokaci a kan kuɗin da bai kai na tayoyin GT4 huɗu ba. A tafiyarka ta gaba ka ware rabin yini ka je. Za ka taka birki iyakar ƙarfinka, ka shiga kwana yadda ba za ka taɓa iya yi a Accra ba, ka kuma gane ko tuƙin kake so ko mallakar. Mutane da yawa sai a nan suke gano cewa motar ta fi ƙwarewarsu nesa, kuma koyon ya fi sayen daɗi. Idan bayan kun tare a Amasaman har yanzu kana son abin da za ka riƙa ji a hannunka, ka duba Toyota 86, wadda aka fara a 2012 tare da Subaru, mai lita 2.0 da doki 200, mai tura ta baya da giyar hannu. Harajinta ya fi sauƙi, tayoyinta na kowa ne, kuma tana ba direba irin wannan magana ta sitiyari a gudun da doka ta yarda da shi.

Idan kuma Allah ya ƙara buɗi har ka kai matsayin da za ka iya rasa rabin kuɗin GT4 ba tare da cefanen gida ko kuɗin makaranta ko jarin shago sun girgiza ba, to ka saye ta da sunan sha'awa, ka faɗa wa iyalinka haka a fili. A lokacin ka biya wani gareji mai zaman kansa da ya ƙware a Porsche, wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa, ya ɗaga ta ya duba ƙarƙashinta, ya auna kaurin fenti a kowane ɓangare, ya ciro rahoton juyin inji, ya duba mazaunin shokozoba, ya karanta shekarar tayoyi daga alƙaluma huɗun da ke jikinsu, ya kuma turo maka komai a rubuce.

A daren yau ka zauna da maiɗakinka bayan yara sun yi barci, ka tambaye ta ra'ayinta, ka bar ta ta gama magana kafin ka amsa. Gobe ka je wurin Mma da kanka ka gaya mata ranar da kafinta zai fara aiki, ka kuma nemi Yaya ya raka ka sayen katako, domin hakan zai wanke abin da ya shiga tsakaninku. Abokinka na Bronx kuwa ka kira shi tun kafin ranar gwanjon, ka gode masa, ka ce kada ya yi tayi da sunanka, saboda a waɗannan kamfanoni idan tayinka ya ci sannan ka janye, akwai tarar da za a cire daga kuɗin ajiyar da aka bayar, kuma shi za a bi.

Allah ya yi maka zaɓi mafi alheri. Ka gaida Mma.

Kawunka